Shekarar da Na Kayar da Kakanku

Na san kun sha jin wannan labari a bakin goggonninku, kuma na san yadda suke ba da shi. Wai uwarku ce matar da ta ɗauki jan biro ta kayar da uban mijinta a jarrabawa, ko kunyar idon jama'a ba ta ji ba. Shekara da shekaru ina ji ina haɗiyewa. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa kuma ta hana ni yawon biki, bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biron. Ba zan ce ƙarya suke yi ba, na kayar da shi. Sai dai sukan ɗauko labarin daga tsakiya su ajiye shi a tsakiya, daidai wurin da ya fi yi musu daɗi.

A lokacin ina koyarwa a sashen Hausa na wata kwaleji a Gumel. Aurena da babanku bai wuce shekara huɗu ba, Abba kaɗai na haifa. Darasin da aka ɗora mini shi ne rubutun kare ra'ayi. Abin ba wuya a faɗe: a ba ka batu mai fuska biyu, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ka jero hujjojinka, ka kawo hujjar wanda bai yarda da kai ba, ka rushe ta, sannan ka rufe. Kusan rabin makin yana kan abu guda, wato mai karatu ya san ɓangaren da ka ɗauka. Na yi suna a kwalejin da tsanani a kan wannan, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin sunan.

A shekarar ne aka matsa wa tsofaffin malaman firamare cewa duk wanda ba shi da takardar shaidar malanta ya nemo ta kafin wa'adi ya cika, ko a sallame shi. Sai aka buɗe musu karatu na lokacin hutu. Ranar farko na shiga aji da takalmina mai ƙwas-ƙwas, na tarar da dattawa wajen sittin sun cika benci, daga Gagarawa, daga Maigatari, daga ƙauyukan Sule Tankarkar. Ina ɗaga ido, a layi na biyu, ga kakanku zaune da farar hularsa da sabon littafin rubutu a kan cinya. Shekararsa ashirin da shida yana koyarwa a wata firamare kusa da Ɗanzomo, saura kaɗan ya yi ritaya da mutuncinsa. Babanku ya san zai zo, bai gaya mini ba, wai ya manta.

Ku da kuka tashi a wannan zamani ba za ku gane irin tashin hankalin da na shiga ba. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, sunansa ma ban taɓa faɗa ba, shi ya sa yayanku da ya ci sunan muke ce masa Abba. Ga rajista a hannuna, dole in kira suna. Na kira mutum goma sha shida lafiya lau, da na zo kansa sai na ji bakina ya ce, lamba goma sha bakwai. Ya amsa da cewa ga shi. Sai wani a ajin ya yi tari irin na mai danne dariya. Ina fita na wuce ofishin shugaban sashe, Malam Habu, na roƙe shi ya canza mini aji. Ya ce babu wani malamin, kowa ya tafi hutu, in yi haƙuri wata biyu ne kamar yau.

Ya kamata ku san wane ne kakanku kafin ku fahimci sauran. A Ɗanzomo da kewaye, in mutum biyu suka yi rikici kan iyakar gona ko akuyar wani ta shiga waken wani, wurinsa ake zuwa. Zai saurari wannan ya ce yana da gaskiya, ya saurari wancan ya ce shi ma yana da tasa, ya ba kowa haƙuri, ya yi addu'a, a watse. Ba a taɓa jin ya ce wa mutum kai ne mai laifi ba. Ko Inna, kakarku, in ta tambaye shi miyar kuka yake so ko ta kuɓewa, cewa yake duk Allah ya yi musu albarka. Wannan mutumin aka kawo mini in koya masa ɗaukar ɓangare.

Batun da na ba su mai sauƙi ne, don kowa a ajin manomi ne: shin manomin ƙasarmu ya rage gero ya ƙara riɗi, ko ya riƙe geronsa? Na ce kowa ya kawo gwaji in duba da fensir kafin a miƙa na ƙarshe. Na kakanku shafi shida ne, da rubutu mai kyau kamar an buga. Shafin farko duk gaisuwa ce, ga shugaban kwaleji, ga malamai, ga masu gadi, da kuma wadda aka ɗora wa nauyin duba wannan takarda, Allah ya raya mata zuri'a. Daga nan ya yabi gero har na ji ina sha'awar fura: shi ne tuwo, shi ne kunu, karansa darni, dusarsa ta dabbobi. Ya juya ya yabi riɗi, yadda masu saye ke biyo shi har gona daga Maigatari, yadda ya sa mutane suka yi rufin kwano. Ina ta jira in ga inda zai karkata. Sai ya rufe da cewa mai gero ya yi haƙuri da mai riɗi, mai riɗi ya yi haƙuri da mai gero, ƙasa ɗaya ce ta fitar da su, Allah ne masani.

Na daɗe da fensir a hannu. Ga sauran ɗalibai nakan rubuta abin da ya zo bakina, amma a nan sai da na goge sau uku. A ƙarshe na rubuta a ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe kamar mai raɗa: Baba, ina kuka tsaya? Washegari takardar ta dawo, ya amsa a ƙarƙashin tambayata: Na tsaya a shafi na shida, nan takardar ta ƙare. Har yau ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane sarai.

Na koma yi masa hannunka mai sanda a aji. Ina kallon silin ina cewa akwai wasu, ban ce kowa ba, da suke rubutu kamar masu raba faɗa, alhali wannan darasi na masu shiga faɗan ne. Kakanku ya fi kowa gyaɗa kai, har yana cewa gaskiya ne. Da na ga ba ta ɓulle ba sai na aiki babanku, wanda shi ke kai masa abinci masaukinsa a kan mashin, na ce ya tambaye shi a hira, gero ko riɗi. Ya dawo ya ce Baba ya ce shi a gonarsa haɗa su yake yi, layi ɗaya wannan, layi ɗaya wancan. Ranar miƙa takarda ta ƙarshe na buɗe tasa da addu'a a bakina. Ya ƙara shafi guda, inda ya nemi afuwar manoman wake saboda bai ambace su a gwajin farko ba.

Na auna ta yadda nake auna ta kowa. Na ba shi cikakken makin kyawun harshe, na ba shi na tsari, na lalubo duk abin da za a iya lalubowa. Talatin da ɗaya ya fito, ana neman arba'in. Gaba kura, baya siyaki. Na san in na bari haka, aikinsa na shekara ashirin da shida ya hau siraɗi, ni kuma zamana da danginsa ya hau tare da shi. Na nuna wa babanku bayan ya ci abinci, don na san ba a kai masa magana da yunwa. Ya kalli lambar, ya kalle ni.

"Nawa ya rage?"

"Tara."

"To ki zuba masa mana. Tara fa kika ce, ba casa'in ba. Talatin da ɗaya da arba'in ai duk tafiyarsu ɗaya."

Na ce masa ba gishiri ba ne da zan ƙara a miya. Ya ce in tuna wanda ya je neman aurena, wanda ya yi wa Abba huɗuba. Duk na tuna, kuma wallahi na ɗauki biron da niyyar gyarawa. Abin da ya riƙe hannuna shi ne takardar da ke ƙarƙashin tasa, ta wata malama daga wani ƙauyen Sule Tankarkar mai 'ya'ya biyar, wadda ta ci talatin da huɗu. Ita ba ta da suruka a kwaleji. In na ɗaga shi na bar ta, da wane ido zan kalle ta? In na ɗaga su duka, to me nake yi a ajin? Na bar lambar yadda take, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, don tsoro nake ji ƙwarai.

Da hantsi aka liƙa sakamako a allon sanarwa, kafin la'asar labari ya riga motar haya isa Ɗanzomo. Washegari goggonku Larai ta sauka a gidanmu ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce su dai sun san boko na sa mace ta fi ƙarfin miji, amma ba su san yana kai wa ga uban miji ba. Ta ce Inna ta ce a gaya mini wanda ya ba ka ɗa sukutum ba za ka hana shi maki tara ba. Ni ma ba kanwar lasa ba ce a lokacin, na ce mata in tana da ƙorafi ta rubuto shi da hujjoji uku. Wannan maganar ita ce kuskurena a duk lamarin, kuma na biya ta da tsada. Daddawa da kukar da Inna ke aiko mini duk wata suka tsaya cak. Na je gaishe ta, na durƙusa na yi sannu da gida, ta dubi kajin da ke tsakar gida ta tambaye su ko sun ji motsi. Shi kuwa kakanku, da aka matsa masa ya ce wani abu, cewa ya yi Inna tana da gaskiya, ita ma yarinyar tana da tata.

Ƙa'idar darasin ta ba wanda ya faɗi dama guda. Zai zaɓi batun da yake so da kansa, ya rubuta, ya karanta a gaban aji, ya amsa tambayoyi. In ya sake faɗuwa sai baɗi, wa'adin takardar shaida kuwa ba zai kai baɗi ba. Na roƙi Malam Habu ya zo ya zauna mu ba da maki tare, don kada a ce na yi son kai ko na yi mugunta. Su bakwai ne masu maimaitawa. Malamar nan mai 'ya'ya biyar ta fara, ta kare gero kamar za ta daki mai riɗi, ta wuce. Kakanku ne na ƙarshe. Ya tashi a hankali, ya ɗauki alli, ya rubuta kan batunsa a allo da kyakkyawan rubutun nan nasa: Shin ya dace suruka ta kayar da uban mijinta a jarrabawa?

Na ja mayafi na rufe fuska har haɓa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ina jin benci na ƙara, dattawa na gyara zama kamar an zo kallon dambe. Ya yi bisimilla, bai gai da kowa ba, ya karanta layin farko.

"Matsayata ita ce, Malama ta yi daidai da ta kayar da ni. A nan na tsaya, ba a shafi na shida ba."

Hujjarsa ta farko ta mai awo ce. Ya ce mai awo a kasuwar Maigatari in ya cika wa surukinsa mudu ya tauye wa baƙo, ba kara ya yi ba, zalunci ya yi, kuma surukin da ya karɓa ya ci haram. Ta biyu ya ce wadda ba ta yi maka ƙarya a takarda ba, ba za ta yi maka ƙarya a kan tarbiyyar jikokinka ba. Ta uku ya ce tuwon Malama ba ya gudaji, mai irin wannan hannu ba ta aikin ganganci. Sannan ya zo kan hujjar abokin hamayya, yadda na koya musu. Ya ce akwai wata dattijuwa da yake zaune da ita shekara arba'in, ba zai faɗi sunanta ba, wadda ke cewa wanda ya ba ka ɗa ba za ka hana shi maki tara ba. Ya ce magana ce mai nauyi, amma bari a duba ɗan da aka bayar.

"Ni na koyar da shi a aji huɗu. Ya ci goma sha biyu a lissafi, na rubuta masa hamsin don kada uwarsa ta hana ni fura. Da na kayar da shi a lokacin, da yau ya san talatin da ɗaya da arba'in ba tafiyarsu ɗaya ba."

Ajin ya kece da dariya, Malam Habu har da buga tebur. Ashe babanku da bakinsa ya kai masa hirar da muka yi, yana neman a yaba masa. Kakanku ya jira aka lafa, sai muryarsa ta sauka. Ya ce ba ɗansa kaɗai ya yi wa haka ba. Shekara ashirin da shida yana ba 'ya'yan mutane makin da ba su ci ba, don kada iyayensu su ga baƙinsa. Ya ce akwai magidanta a garinsu da ya rubuta wa sakamako mai kyau, yau in an ba su takardar asibiti sai sun nemi mai karanta musu. Suna cire takalmi su gaishe shi, shi kuwa ya san abin da ya yi musu. Ya ce ya daɗe yana kiran abin zaman lafiya, sai da ya ga talatin da ɗaya da jan biro ya gane tsoro ne. Babu wanda ya yi dariya a nan. Ni dai mayafina ya jiƙe, na gode Allah da ba a ganin fuskata.

Da aka zo tambayoyi, wani dattijo daga Gagarawa mai son tsokana ya miƙe ya ce, to Malam, in ta sake kayar da kai a wannan fa?

"In ta kayar da ni, hujjata ta tabbata. In ta ba ni maki, aikina ya tabbata. Ka ga ko ta ina ban faɗi ba."

Malam Habu ya ba shi saba'in da takwas. Ni na ba shi sittin da shida, don na cire makin hujja ta uku, tuwo ba shi da alaƙa da batun. Malam Habu ya leƙo takardata ya ce lallai ni sai addu'a. Aka haɗa aka raba, kakanku ya wuce, ya karɓi takardar shaidarsa, ya ƙarasa shekarunsa na aiki har ya yi ritaya. Babanku ya yi kwana uku ba ya cin abincina, kuma har gobe in kuka tambaye shi zai rantse ashirin da biyu ya ci, ba goma sha biyu ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo wa kakanku a banza. Da ya koma gida sai ya fara ba yara makin da suka ci, iyaye suka yi ta zuwa da faɗa. Masu kawo masa rikici suka tarar yanzu yana cewa wane kai ne ba ka da gaskiya, wasu suka daina zuwa, wasu har gaisuwa suka janye. Inna kuwa da ta ji an karanta maganarta a gaban mutum sittin an rushe ta, sai ta haɗa mu ni da shi ta ɗaure mana fuska. Tsakanina da ita wata uku babu ko sannu, kuma abin yana cina, don kafin wannan rikici ta riƙe ni kamar ita ta haife ni.

Da Sallah ta zo babanku ya ce dole mu je Ɗanzomo. Na shiga gidan. Inna na bakin murhu, goggonninku sun jeru a tabarma, kakanku yana fitowa daga ɗakinsa da buta. Na zube ƙasa na durƙusa yadda na saba, kaina a sunkuye, na fara gaisuwa. Ban ji ya amsa daga sama ba. Na saci kallo, sai na gan shi ya ajiye butar ya tsuguna a gabana, dattijo mai furfura, yana cewa Malama barka da Sallah, an zo lafiya. Na ƙara yin ƙasa. Shi ma ya ƙara. Na ce Baba don Allah ku tashi. Ya ce ɗalibi ba ya miƙewa malaminsa na ƙasa, haka aka koya masa tun yana makarantar allo. Ni kuma suruka ba ta miƙewa uban miji na tsugune. Muka gaisa, muka tambayi gida, muka tambayi damina, muka tambayi gajiya, gaisuwa ta ƙare muka sake ɗauko ta daga farko. Ƙafafuna suka yi sanyi, ina jin gwiwarsa na ƙara, babanku ya tsaya riƙe da Abba ya rasa wanda zai ɗaga. Ranar na ga tsugune ba ta ƙare ba da idona.

Inna ta yi ta tura itace a wuta kamar ba ta gani. Can da abin ya ishe ta, ta buga muciya a bakin tukunya ta juyo. Ta dubi mijinta, ta dube ni, kowa na jiran wanda za ta ce ya fara tashi.

"Ke Malama, tashi ki kama mini tuƙin nan. Shi ɗalibi ya jira sai kin miƙe."

Na miƙe da ƙyar ina dafa bango, na karɓi muciyar daga hannunta.